Sabon gem ɗin kac yana ta shirme, PS ɗina ne ko sede ɗin?

DanBagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Ina da ɗan shagon gem nan Bagalam cikin Maraɗi, PS4 ne nake sa ma yara suna biyan dala ashirin su buga. Sun daɗe suna damuna in kawo musu kac na bana, wato gem ɗin kokawar turawa ta WWE, to satin da ya wuce wani ɗan uwana da ke zuwa Kano sarin kaya ya taho min da sede ɗin sabo dal cikin ledarshi, kuɗɗi ba kaɗan ba na zuba. Wallahi tun da na saka shi ban huta ba.

Ana cikin gwabzawa sai ƙafar mutum ta maƙale cikin igiya ya kama karkarwa, igiyar tana miƙewa har wajen 'yan kallo. Wani sa'in ka kada mutum ka danne shi, alƙali na tsaye yana kallonku ba ya ƙirgawa. Jiya ma wani mai dogon gashi, gashin ya tsaya can sama shi kaɗai, shi kuma yana yawo da ƙwalƙwal. Duk wannan yara dariya suke, abin da ke ci min rai shi ne fitar da yake yi, in aka sa wasan mutum takwas ba ya daɗewa sai allo ya koma shuɗi ya rubuto CE-34878-0, komi ya tahi. Yaro ya biya kuɗɗinshi yana gab da cinye abokinshi, sai rigima ta tashi, dole in maida mishi ko in ba su wani zagaye kyauta.

Tambayata, PS ɗin ne ya fara mutuwa ko jabun sede aka ba ɗan uwan nawa? Wani mai gyara ya ce in kawo a buɗe a canza min wani abu ciki amma ban yarda ba tukuna. PS ɗin nan bai taɓa hawa intanet ba tun da na saye shi, in wannan na da amfani ku sani.

Habu227 ya rubuta:

Wa alaikumus salam maigida. Kar ka ba kowa ya buɗe tukuna. Cire maganar jabu daga ranka, PS4 ba ya karanta kwafin sede, tunda ya tashi har ana bugawa to na gaske ne. Abu biyu za ka yi yau. Sa bal ko wani gem mai nauyi a PS ɗin nan ka bar yara su yi ta bugawa yini guda, in bai fita ba to na'urarka lafiya lau take. Sannan ka tsaya kan hoton gem ɗin ka danna Options a manet ka shiga wajen bayani, zai nuna maka lambar bugun da kake kai. In ka ga 1.00 ka dawo ka gaya muna.

Injiniya_SabonGari ya rubuta:

Ƙanena DanBagalam, layinka na ƙarshe, maganar rashin hawa intanet, shi ne amsar tambayarka. Sede ɗin gem ana buga shi a masana'anta makonni kahin ranar fitowa, don a samu a raba shi duniya. Su kuma masu haɗa gem ɗin ba su tsaya ba, suna can suna ta toshe ɓaraka, ran da ya fito sai su saki mizajur ta intanet wadda ke ɗauke da duk gyaran da suka yi a tsakani, bayan nan ma wasu su yi ta biyowa. Mutumin Amurka ko Faransa yana sa sede na'urarshi za ta jawo gyaran da kanta ko lura bai yi ba. Kai da ba ka da koneksiyon kana buga ɗanyen aikin ne. Kamar tela ne ya miƙo maka riga daren salla bai sa aljihu ba ya ce ka dawo bayan salla a ƙarasa.

Kuma gem ɗin kac ya fi na bal saurin nuna irin wannan. A bal mutane gudu suke, su ɗan gogi juna su rabu. A kac jiki biyu na manne kusan kullum, wannan ƙato wannan siriri, hannu a wuya ƙafa a ciki, ga igiya mai lanƙwasa ga tsani ga tebur mai karyewa ga gashi ga riga, kowanne kwamfutar ciki na lissafin inda ya kamata ya kasance a kowane ƙiftawar ido. Motsin da kake gani mutane na gaske aka sa ma kaya masu alama aka ɗauka suna yi, to in motsin ya ce ƙafa ta bi nan, lissafin igiya kuma ya ce nan wurina ne, sai su kama ture juna, karkarwar da ka gani ke nan. Gashi ma abu ne daban da aka ɗaura kan kai, in ɗaurin ya kuɓuce sai ya tsaya inda aka bar shi. Mutum takwas a fili kuwa aikin ya ninka, ga PS4 tun 2013 aka fito da shi, gem ɗin yanzu da PS5 a rai ake haɗa su. Ita lambar CE-34878-0 ba ta cewa na'ura ta lalace, abin da take cewa kawai gem ya ci karo da matsala ya rufe.

Tsohon_Manet ya rubuta:

Injiniya gaskiya ka faɗa amma kar mu sa ma bawan Allah rai da yawa, ba kowace mizajur ke warkar da gem ba. Waɗanda suka ga WWE 2K20 sun san abin da nake nufi. Kamfanin Yuke's na Japan shi ke haɗa gem ɗin WWE tun shekarar 2000, sai a 2019 suka rabu, aikin ya koma hannun Visual Concepts su kaɗai, kuma aka ce dole ya fito a kan lokaci. Ya fito ran 22 ga Oktoba 2019, ga Roman Reigns da Becky Lynch a bangon. Duniya ta ga abin mamaki, fuskoki na ɓacewa a bar ido da haƙora, mutane na nutsewa cikin filin, igiya na haɗiye ɗan wasa, hotunan suka cika Twitter har Sony ta riƙa maida ma wasu da suka saya ta intanet kuɗɗinsu. An yi ta sakin gyara. Sai ga ran 1 ga Janairu 2020, shekara na juyawa gem mai suna 2K20 ya kama rufewa, dabarar da mutane suka samu ita ce su maida kwanan watan na'ura baya zuwa 2019 kahin a gyara. Ƙarshenta 2K21 ba a yi shi ba sam, sai Maris 2022 suka dawo da 2K22 mai Rey Mysterio, shi kam ya yi dama.

Abin da ke ɓata min rai da harkar nan gaba ɗaya, kowace shekara sai an fitar da sabo, ya nuna ko bai nuna ba, kuma mu nan mu ke shan wahalar fiye da kowa, mu biya tsada saboda hanya, sannan mu sake biyan forfe don a ƙarasa muna abin da muka riga muka saya. Ni yanzu ba na taɓa gem sai ya yi wata biyar shida a kasuwa, lokacin farashi ya sauka kuma an san halinshi. Kai mai shago ma na bara da aka gama gyarawa ya fi maka riba, yaro dai ya samu gwaninshi ya buga, ba ruwanshi da lambar shekara.

MaiGyara_Mokoyo ya rubuta:

Ni sana'ata ke nan don haka bari in sa baki. Ƙafa cikin igiya da gashi mai tashi ba aikin mai gyara ba ne, duk wanda ya karɓi kuɗɗinka kan wannan ya cuce ka. Amma fitar nan kar ku ɗora ta duka kan gem. Takardar PS4 ta ce a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa watan Afrilu Maraɗi na wuce 40, cikin shagon kwano da yara goma suna numfashi ba a magana. Ga ƙurar hunturu, PS ɗin da nake buɗewa wani sai ka ga ƙura ta yi kauri ta toshe mafitar iska gaba ɗaya. Saurari fankar, in tana ihu duk sanda aka sa gem mai nauyi, ko ya taɓa rubuto maka cewa ya yi zafi ya mutu da kanshi, to yana son shara. Ɗaga shi daga ƙasa, kar ka jingina bayanshi da bango, kar ka rufe shi da tsumma yana aiki.

Sai ɗaukewar kuran. In ana cikin ajiye wasa aka ɗauke, bayanan kan lalace su riƙa jawo fita. Kashe shi, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, haɗa manet da waya, a jerin da zai fito ka zaɓi lamba 5 mai sake jera bayanai, ba ta goge komi. Don Allah kar hannunka ya kai 6 ko 7, waɗannan share na'urar suke tas.

DanBagalam ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri duka. Habu na duba, 1.00 ne. Bal kuma tun safe ake bugawa bai fita ba, fankar dai tana ɗan ƙara. Yaya Injiniya, mizajur ɗin nan ba yadda za a sa min ita a kile USB in kawo shago? Don in da forfen waya ne zan jawo ta ina tsoron abin da za ta ci.

Injiniya_SabonGari ya rubuta:

A'a ƙanena, gyaran na'urar kanta ne ake iya sawa ta kile, na gem sai PS ɗin ya jawo da kanshi. Kuma na irin waɗannan gem ɗin jiga ne masu yawa, kar ka gwada da forfen yini. Ɗauki PS ɗin da sede ɗin ka kai inda ke da wifi mara iyaka, siber ko gidan wani naka, ka bar shi ya kwana. Zai nuna maka girmanta kahin ta yi nisa, kuma in koneksiyon ta yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya. Mai yiwuwa ya nemi ka fara sabunta na'urar kanta, in PS ɗinka ba filashe ba ne, wato wanda aka buɗe tsarinshi don a zuba gem ba sede, ka bar shi ya yi, in kuwa filashe ne tsaya, don sabuntawa za ta rufe maka gem ɗin da aka zuba maka ciki. Kwafe wasannin da yara suka ajiye a kile kahin ka fara. In ta gama kar ka goge gem ɗin don neman wuri, gyaran na tahiya tare da shi. Kowane PS kuma sai an yi mishi nashi, don a cikin na'ura gyaran ke zama ba kan sede ba. Kahin nan ka hana wasan mutum takwas da na tsani, ka bar su kan ɗaya da ɗaya ko biyu da biyu.