Idan abokanka ba su yarda da abin da ya same ka ba

A wata majalisa a Tudun Wada bayan sallar isha'i, wani matashi ya ce tun da 'yan bindiga suka tare su a hanyar Birnin Gwari barci ya ƙaurace masa, amma abokansa cewa suke yi yana zuzuta abin. Ga shawarwarin da aka ba shi.

Kusan kowa ya yarda majalisa ba wurin buɗe ciki ba ce. Ka ware mutum ɗaya da ka san yana riƙe sirri, ku keɓe, ka ce masa: "Ba shawara nake nema ba, saurare kawai nake so."

An fi daɗewa kan masu cewa "ai rashin tawakkali ne". Wani dattijo ya ce kada ka yi musu da su. Ka tuna musu Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya sa idanunsa suka yi fari. Ni ma wannan ce ta fi shiga raina, domin mai shakka kan sassauta idan an zo masa ta ƙofar da ya sani.

Wani kuma ya ce ba dole ne ka kawo hujja ba, ba kotu ake ba. Wanda ya mai da kai abin dariya sau biyu, ku tsaya a gaisuwa.

Wata malamar jinya ta aiko da saƙo: idan rashin barci da firgita suka wuce wata guda, a je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna, ko abokai sun yarda ko ba su yarda ba.