Baƙaƙe nawa za mu bari su jeru a gaɓa ɗaya?

Ummu_Kalmomi:
Salamu alaikum jama'a. Mu bakwai ne muke ƙirƙirar wani sabon yare tare, wasula biyar a e i o u duk mun amince ba gardama, amma da aka zo kan baƙaƙe sai magana ta cije. Ɗaya daga cikinmu ya kafe sai an bar baƙaƙe uku su jeru a farkon kalma, wai shi ke ba yare armashi, ni kuwa da na gwada kalmar da ya kawo, "strovka", bakina da kansa ya maida ta "sitirofka". Don Allah ya ake raba wannan gardamar?

Malam_Furuci:
Wa alaikumus salam. Malama bakinki bai yi laifi ba, abin da Bahaushe ya yi wa burodi da sukurudireba ke nan, in baƙaƙe suka cunkushe sai ya cusa wasali ya raba su. Ki duba Esperanto, ƙirƙirarren yaren da wani mai suna Zamenhof ya fitar a 1887, kalmar "sani" a ciki "scii" ce, s sannan ts a manne, shi da ya tashi cikin Rashanci da yaren Folan ba ta dame shi ba, amma har yau masu koyo suna fama da ita. Mai tsara yare yakan ɗauka abin da ya yi wa bakinsa sauƙi kowa ma haka.

Dogon_Wasali:
Ni dai kar ku tsananta sauƙi. Toki Pona, ƙirƙirarren yaren da Sonja Lang ta fitar a 2001, baƙaƙe 9 ne kacal, gaɓa baƙi da wasali, n kaɗai ke rufe ta, kuma ya yi mata daidai tunda kalmominta ba su da yawa, amma ku in kuna son dubban kalmomi to ko su yi tsawo ko su riƙa kama da juna har a rasa gane wacce aka faɗa. Ku bar biyu su jeru, na biyun ya zama l, r, w ko y, kamar kla, pra.

Malam_Furuci:
Na yarda da biyun. Amma kar ku yanke a rubuce, kowa ya naɗi muryarsa yana faɗin kalma goma da sauri sau uku, wadda ta karye a bakin mutum biyu a cire ta.

Ummu_Kalmomi:
Na gode ƙwarai, mun gwada jiya da dare, shi kansa mai "strovka" a karo na uku t ɗin ta ɓace masa, ya haƙura. Kla da pra sun wuce lafiya. Saura p da f, ni a kunnena kusan abu ɗaya ne, mu ajiye duka biyun ko mu zaɓi ɗaya?