Ƙafafun ɗan ƙanwata sun kumbura: a kai shi asibiti ko a sayi dawa?

Abu Hanan (Jidda): Salamu alaikum. Ƙanwata na wani ƙauye kusa da Sinja a Sudan, yaronta ɗan wata 18, ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko nono ba ya karɓa. Abin da zan iya turawa ko dai kuɗin mota zuwa asibitin Sinnar, ko dawar da gidan duka zai ci. Ba zai isa biyun ba. Me zan ce mata?

Hajiya Ta Maiwurno: A dama masa kunun gero da dakwa, safe da yamma. Da shi muka raini namu.

Ummu Sadik: Ɗan'uwa, ka tura kuɗin mota yau. Mun fito daga Madani a Disambar 2023 da mayaƙan Da'am (RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan) suka shigo, muka sauka a wata makaranta a Gadarif, balila (dafaffen hatsi) sau ɗaya a wuni. 'Yata ta fara cika a ƙafa da kumatu, surukata na cewa ta yi ƙiba, ni ma na yi murna. Gashinta ya yi ja, fatarta na saɓulewa. Da muka kai ta, likita ya ce tamowa ce, ruwa ne ya taru a jikinta. Ba ta fito daga asibitin ba. Har yau ba na iya kallon takalminta.

Ɗan Kasala: Allah ya sa mai ceto ce. Amma dawa ta sauko bayan girbi, ai kuɗin zai yi saura.

Abu Hanan (Jidda): A Kasala ke nan. Ƙanwata ta ce a wurinsu kuɗin malwa (ma'aunin hatsi) ya ninka na bara.

Sista Mariya: Ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa daƙiƙa 3. In ramin ya tsaya a ƙafa biyun, ga shi ba ya ci, kwantar da shi za a yi, a fara da madarar F-75, wadda asibiti ke ba masu tamowa. Hajiya, kunu ba ya maganin wannan.

Hajiya Ta Maiwurno: Yarinya, 'ya'ya tara na haifa. Ke nawa?

Sista Mariya: Allah ya raya su, Hajiya. Ba a yaƙi kika raine su ba.

Baban Walid: Ni ku dama min kunun, tun jiya shayi ba sukari nake sha.

Ɗan Kasala: In ka tura ta waya, ka lissafa da masu canji. A dubu goma suna cire dubu ɗaya kafin su ba ka takardar kuɗi a hannu.

Ummu Sadik: Dubu ɗaya ina? Mu dubu biyu aka cire mana, kuma mai shagon ya san kuɗin magani ne. Mutumin da suke sahu ɗaya da mijina a masallaci!

Baban Walid: Namu ma cewa ya yi sai ka sayi kaya a shagonsa da rabin kuɗin.

Abu Hanan (Jidda): Wa ya san direba amintacce daga Sinja?