Neman kalma: me za mu kira endowment na jami'o'in Amurka?

Mai_Rahoto: Jama'a a taimaka, ƙarfe shida zan shiga situdiyo da rahoto kan inda jami'o'in Amurka ke samun kuɗi, na maƙale a endowment. Dukiya ce da attajirai da tsofaffin ɗalibai ke ba jami'a a zuba a hannun jari, ba a taɓa uwar kuɗin, wajen kashi 5 cikin ɗari kawai ake cira a shekara. Na Harvard ya haura dala biliyan 50.

Gwaggo_Fassara: Gidauniya mana.

Mai_Rahoto: Gwaggo gidauniya a kunnen mai sauraro ai kuɗi ne a tara a rabar, kamar ta ambaliya, an raba shikenan. Wannan kuwa ba a so ya ƙare.

Ɗan_Zaure: Wakafi ne wannan ba ko tantama, a tsare asali a ci moriya. Har sharaɗin mai bayarwa iri ɗaya ne, wanda ya ce kuɗinsa na kujerar farfesan lissafi ne to ba a isa a gyara ɗakin kwanan ɗalibai da shi ba, kuma yawancin kuɗin Harvard haka suke a ɗaure. Azhar ma da wakafi ta rayu ɗaruruwan shekaru.

Malam_Tsantsa: Kullum aro! Mun gudu daga Bature mun faɗa hannun Balarabe. Ni "rumbun gado" nake koya wa ɗalibaina, Hausa tsantsa.

Gwaggo_Fassara: Allah gafarta Malam, ɗaliban da ka ambata ma Larabci ne, haka jami'a haka ilimi. Kuma rumbu ɗiba ake yi har a ga ƙasansa, gado kuwa rabawa ake yi.

Malam_Tsantsa: Raina harshen ne kawai Hajiya. Da daga wata babbar kafar waje aka ji rumbun gado da tuni kowa ya haddace, amma tunda malamin aji ne ya faɗa sai dariya.

Ɗan_Zaure: Ba wanda ya yi dariya fa Malam.

Mai_Lissafi: Ku bar faɗan nan, wakafin ma yana da matsala. Jami'ar Texas ta gwamnatin jiha ce, asusunta filaye ne da tsarin mulkin jihar na 1876 ya ware, aka zo aka tono man fetur a ciki a 1923, ba wani bawan Allah da ya bayar don neman lada. Sannan yaya kar rahoton ya sa a ɗauka duk haka suke, yawancin ɗaliban ƙasar suna jami'o'in jihohi ne da kwalejojin shekara biyu, kuma akasarinsu da kasafin jiha da kuɗin makaranta suke tafiya.

Malam_Tsantsa: To kun gani, rumbun gado ba ruwansa da lada.

Mai_Rahoto: Lokaci ya ƙure. Zan ce "asusun wakafi" a farko in yi bayani layi ɗaya, na Texas kuma "asusun dindindin".

Gwaggo_Fassara: Kalma biyu wa abu ɗaya, edita zai dawo maka da shi. Amma dai je ka.

Malam_Tsantsa: Dindindin ɗin na yarda da shi. Wakafin ne ban sa hannu ba, a ajina kuma rumbun gado ne.