Sa wa jaririya sunan maza: abin da dattawa da malamai suka ba da shawara

Yawanci dalilin shi ne son mayar da sunan kaka da ya rasu. Malamai sun ce a nemi takwaransa na mata kafin ranar bakwai, tun liman bai raɗa ba: Aminu ya koma Amina, Jamilu Jamila, Hassan Hassana, Abdullahi kuwa Amatullahi. Irin su Usman da Abubakar ba su da takwara, gara a ajiye wa ɗa namiji.

Idan aka sa mata sunan maza, matsalar takan fito a takarda. Mai cike takardar haihuwa ya ga sunan, ya rubuta "namiji", kuskuren ya bi yarinya har makaranta da rajistar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), gyara kuma sai da takardar rantsuwa a kotu. Uba ya duba gurbin jinsi kafin ya karɓa. Ga tsokanar yara a islamiyya, wadda ba ƙaramin abu ba ce.