Taƙaitawa: shafukan intanet masu amfani ga masu girki a Damagaram

Ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawarmu kan tambayar waɗanne shafukan intanet ne suka fi amfani ga masu girki.

1. Mafi yawanmu sun fifita YouTube, domin ganin yadda ake tuƙa tuwo ko murza alkaki ya fi karantawa amfani. An ba da shawarar a sauke bidiyo a ajiye, saboda tsadar kuɗin intanet.

2. Masu jin Faransanci sun yaba Marmiton da 750g, shafukan girke-girke na Faransanci, wajen kek da burodi. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce awonsu na giram da zafin maki 180 bai dace da mai girki a kan gawayi ba, wadda ta saba da tiya da ludayi, kuma wasu kayan haɗin ba a samunsu a kasuwar Dole ta Damagaram. Wasu kuwa sun ce ƙaramin sikeli ya isa ya magance matsalar awo, kuma ina ganin suna da gaskiya.

3. Game da dambu, miyar kuka da fura, an amince cewa zaurukan mata na Facebook da WhatsApp sun fi, tunda ana iya tambaya a sami amsa cikin Hausa.

4. An yi gargaɗi kan shafukan da ke cewa wani abinci yana warkar da ciwon suga. Wannan magana ce ta likita.