Yaya ake saita haifafokal a lensin hannu don hoton titi?

Nafisa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina amfani da lensi mai 35mm na hannu a kan kyamara mai cikakkiyar sensa, wato babbar sensa mai girman fim ɗin 35mm. Kafin in juya zoben fokas mutum ya wuce. An ce akwai saitin da ake yi sau ɗaya a bar shi. Don Allah a ina zan tsayar da zoben?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan saitin shi ake kira haifafokal. Ki sa ƙofar haske a f/8. Bayan zoben fokas za ki ga lambobi jere hagu da dama: 16, 11, 8, su sake maimaituwa a ɗaya gefen. Juya zoben har alamar ∞, wato nesa mara iyaka, ta zauna daidai kan 8. Layin tsakiya zai nuna wajen mita 5, ɗaya 8 ɗin kuma ya faɗa kusa da mita 2.5. Daga nan har ƙarshen gani komai zai fito tar. Ƙa'idar ita ce iyakar kusa tana kan rabin nisan da kika saita. A f/11 nisan ya sauko mita 3.7, a lensi mai 28mm da f/8 kuwa 3.3. Mai 50mm ba ya yi, don sai mita 10.

Sadiya: Malam ya yi bayani, amma a ganina haifafokal ɓarna ce a titi. Me za ki yi da ginin da ke can nesa? Mutanen da kike ɗauka suna tsakanin mita 2 da 5. Tsayar da zoben a mita 3, f/8, kin samu daga 1.9 zuwa wajen 7, fuskar da ke tsakiyar kuma ta fi fitowa garau. Abin da ke bakin iyaka dama-dama ne kawai, kina buɗe hoton a kwamfuta za ki ga dishi-dishi.

Malam Habu: Haka ne. Shi ya sa wasu ke barin ƙofar a f/8 amma su karanta layin 5.6. Wanda sensarsa ƙarama ce, irin APS-C, wannan dole ne a gare shi, domin an zana layukan ne don babbar sensa.

Bashir: Yaya Nafisa, ki kula da shata ma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara. Mai tafiya a ƙafa yana son 1/250 na daƙiƙa, mai sauri 1/500, in ba haka ba hoto ya ja, ki ɗora wa fokas laifi. Haske ya ragu, ɗaga ISO, wato ƙarfin sensa na kama haske, kar ki buɗe ƙofar. Kada kuma ki matse zuwa f/22, ƙaramin rami yana tausasa hoton gaba ɗaya. In da adafta kika haɗa lensin, ki gwada: ajiye kujera a mita 3 da tef ɗin awo, ki yi fokas, ki ga ko lambar ta yi daidai, don adafta da yawa suna zarce ∞. Kin samu wurin, ki liƙe zoben da ɗan salatif kada hannu ya goce shi.

Nafisa: Na gode ƙwarai. Akwai layi biyu na lambobi a zoben, wanne zan bi?

Bashir: Mai "m" shi ne mita, mai "ft" ƙafa ne. Bi na mita.